Bencin Firamaren Garinmu

Wayar maigidana ce ta yi gurnani a cikin kwanon sha, a kan taga, inda nan kaɗai sabis ke kamawa a gidanmu. Ina tankaɗe, na kakkaɓe hannu na ɗauko, don ni ce mai karanta masa saƙo. Daga ofishin ilimi ne: bana duk mai son aikin bencin makarantu, sai ya nema ta intanet.

Kafinta ne. Tun kafin a kawo ni gidan nan shi ke yi wa firamaren garinmu benci, da zarar an gama girbi.

Na ce, "Malam, ka leƙa Gezawa wajen masu kwamfuta mana."

Ya yi dariya. "Ke da bokonki! In nemi aiki wajen manya ban je na gaishe su ba? Ai sai a ce na fara girman kai."

Ya dai je sau ɗaya don ya faranta mini. Ya tarar ba wuta. Da aka ta da inji, sabis ya ɗauke. Washegari na goge masa babbar riga, ya sayi goro ya tafi ofis. Jami'in ya karɓe shi da mutunci, ya maimaita masa maganar intanet, da Malam zai fito ya ce masa, "Allah ya sa a dace, Baba." Shi kuwa Malam, a wajensa magana ta ƙare ke nan. Ya dawo da katako a bayan mota, yana tsokanata wai ina kwamfutata.

Ashe shafin neman aikin da kansa yake rufewa in lokaci ya cika, ba mai gadin da za a roƙa.

Ranar da babbar mota ta shigo daga birni da bencuna masu ƙafar ƙarfe, yana zaure yana fiƙe katako. Ya bi ta da kallo har ta sha kwanar makaranta. "Allah ne mai rabawa," ya ce, ya tattara kayan aikinsa. Ban sake jin ƙarar zarto ba a ranin nan. Na yi ta addu'a, amma abinci ma sai ya taɓa ya ture.

Da aka koma makaranta, autarmu 'yar aji biyu ta dawo ta raɓe a bayana a madafa, ko hijabi ba ta cire ba. Ta matso da bakinta kunnena.

"Inna, malaminmu ne ya ce dole in zauna a kan sabon bencin. Kar ki gaya wa Baba."