Ranar da Na Raka Waliyyi da Ɗan Famfon Keke

Akwai wata Juma'a da ba na jin zan manta da ita muddin ina raye. Sai dai gara in faɗa tun farko cewa an kwana biyu, kuma mai yiwuwa na sauya jerin wasu abubuwa ba da gangan ba. Maganganun da zan kawo ma, ma'anarsu na riƙe, ba lallai kalmominsu ba.

Lokacin na gama hidimar ƙasa na dawo gida Nguru, aiki bai samu ba tukuna. Na sayi keken gwanjo, irin mai kaurin taya da giya da yawa da aka ƙera don hawan duwatsu, duk da mu nan yashi ne arzikinmu. Ni kuwa mutum ne mai yawan tunanin "in abu kaza ya faru fa?", don haka na ɗaura 'yar jaka a ƙarƙashin sirdi. A cikinta akwai ɗan famfo da bai kai tsawon kamu ɗaya ba, da faci da gam, da wani ƙarfe mai naɗewa kamar wuƙar aljihu, mai ɗauke da alinki iri-iri na kwance noti da sukudireba da ɗan abin tura ƙusar kaca. In ban da famfon, har ranar ban taɓa amfani da komai a ciki ba.

Na fita bayan Asuba zan je Gashua gaida ƙanwar mahaifiyata. Kaka ce, ana ta yankan gero a gonakin bakin titi, ina tafe ina hutawa. Rana ta ɗaga sosai, na kusa gari, sai na hango wani dattijo a gefen kwalta, daidai inda wata hanyar ƙauye ta ɓullo. Yana zaune kan keken nan mai ƙafa uku da ake tuƙawa da hannu, cikin farar babbar riga mai sabon guga, kacar keken na reto a hannunsa.

"Sannu Baba, lafiya dai?"

"Lafiya lau, ɗana. Iska nake sha," in ji shi, ya ɗaga mini kacar a tsinke.

Na jingine kekena. A takaice ya ba ni labari. Saƙar ragar kamun kifi yake yi a wani ƙauye na bakin kogi, ƙafafunsa kuma tun yana yaro shan inna ya taɓa su. 'Yar marigayi yayansa, wadda shi da matarsa suka raina, za a ɗaura wa aure da an idar da Juma'a, kuma shi ne waliyyi. Dangi sun ce ya huta a gida, wani ɗan baffansa zai tsaya masa. Ya ce a'a. Suka ce to in ba a gan shi ba bayan sallama, ba za a tsayar da jama'a ba.

Muna cikin haka wata a-kori-kura ta tsaya, direban ya ce a ɗora shi da keken duka. Na ji daɗi a raina, na ce ga mafita. Dattijon ya yi godiya, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Da motar ta wuce ya dube ni: "A ɗauke ni kamar buhun gero a sauke ni gaban surukai? Da hannuna na fito, da hannuna zan shiga." A lokacin na ɗauka taurin kai ne kawai. Yanzu ba na jin haka ne, ko da yake ba zan ce na fahimce shi duka ba.

Na buɗe ƙarfen nan nawa. Na ce, "Baba, ba na son in yi maka alkawari. A waya kawai na taɓa ganin yadda ake yi, ban taɓa yi ba."

"Ni ma ban taɓa aurar da 'ya ba. Yi bismillah."

Gwajin farko na tura ƙusar ta wuce wuri, ta faɗa cikin yashi, muka neme ta muka rasa. Gumi ya karyo mini. Dole na cire wata gaɓar, na tura a hankali wannan karon, na haɗa. Kacar ta ɗan gajarce, sai na sassauta wasu notika biyu da alinki, na matso da abin tuƙin, na ɗaure. Ya murza hannu, keken ya motsa. Na yi hamdala a fili.

Sai kuma muka ga tayar hagu ta baya kwance. Tsidau ne ya shige ta a hanyar ƙauyen. Na ce wannan mai sauƙi ne, ina da faci. Na matsa gam, ko ɗigo. Zafin Nguru ya busar da shi a jaka, ya daskare kamar ƙaro. Mai faci kuma babu kusa, kowa ya rufe ya nufi masallaci.

Abin da ya rage shi ne famfon. Na durƙusa na shiga bugawa. Wanda ya san irin waɗannan ƙananan famfuna ya san ba sa sauri, sai ka yi ta yi kafin taya ta ɗago. Dattijon ya leƙo ya ce, "Wannan famfo ne ko allurar likita?" Amma hujin ƙarami ne, iskar ta zauna. Na ce, "Ina jin za ta ɗan kai mu, amma ban tabbata ba." Ya ce, "Kai dai ba ka taɓa tabbata ba. Mu je."

Haka muka shiga Gashua, yana gaba yana murza hannu, ina biye a gefensa. Da keken ya fara ja hagu sai ya ɗaga murya, "Ɗana, allura!" In sauka, in durƙusa, in buga, mu ci gaba. Ban riƙe sau nawa ba. Na dai tuna muna jin huɗuba ta lasifika tun daga nesa, ina ta sauri, shi kuwa yana gaisawa da mutane kamar mai yawon shan iska da gaske. Mun samu sallah a sahun waje, ƙarƙashin wata darbejiya.

Ana sallamewa ya ce, "Cika ta da kyau." Na cika har hannuna ya yi sanyi. Ya karɓi wani tsumma da na ciro daga jakata ya goge baƙin man da ke yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara hula. Sannan ya ce, "Kai tsaya nan, Allah ya yi maka albarka." Na gane ba ya son a ga wani a bayansa.

Daga inda nake na ga jama'a na darewa suna ba shi hanya. A farfajiyar masallaci an shimfiɗa tabarmi, wani mutum, ina kyautata zaton ɗan baffan ne, har ya zauna gaban liman. Da ya ɗago ya ga mai zuwa, sai ya matsa gefe. Dattijon ya sauko daga keken da kansa, ya zauna. Ban ji duk abin da aka faɗa ba, amma muryarsa ta iso gare ni sarai lokacin da ya ce, "Na ba shi." Aka shafa fatiha. Da na waiwaya wajen keken, tayar ta sake kwanciya.

Abin da na koya ranar shi ne, ba dole sai ka iya gyara abu gaba ɗaya kafin ka taimaka ba. Ni da ba na son fara abin da ban ga ƙarshensa ba, ban iya toshe hujin nan ba, amma na iya tafiya a gefensa ina ƙara iska har ya isa. Na kuma koyi cewa taimako yana da wurin da ya kamata ya tsaya, ya bar mutum ya ƙarasa da kansa.

Mutane da yawa sun halarci ɗaurin auren nan, direban motar ma yana nan da rai in sha Allah. Duk wanda ya ga abin da idonsa, ya kuma ga na yi kuskure ko na tsallake wani abu, ina roƙonsa ya aiko mini in gyara.