Katin Walima da Firintar da Ta Ƙi Zafi

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba aka ɗaura mini aure. Amma a gidan malamai na tsufa, saboda haka na san rubutun da ya zauna, na san wanda bai zauna ba.

Shekarar da autar jikokina mata ta sauke Alƙur'ani, muka sa walima. Dangin marigayi maigidana suna Ajingi, kuma tun rasuwarsa suke ƙorafin mun yar da su. Ƙanwarsa, wadda ita ce babbarsu yanzu, ta aiko a gaya mini tun da mun zama manya masu injin buga takarda a zaure, in ba ta ga kati a hannunta ba, ba ta zuwa, kuma ba mai zuwa. Ranar kasuwa kaɗai ake samunsu wuri ɗaya. Na ce ni zan kai da kaina.

Mai injin jikana ne, ɗan farin ɗana, ƙato mai gemu, wanda nake kira angona. Shi ya mayar da zauren gidanmu na Gaya shago, ya ajiye kwamfuta da firinta. Da safiyar ranar kasuwar na yi wanka, na yafa mayafina na unguwa, mai a-daidaita na jira a ƙofar gida, na shiga na ce a ba ni katina.

Ya miƙo mini ɗaya yana fankama. Kati mai kauri, Bisimilla a sama. Na shafa da yatsa don in ji laushinsa, sai rubutun ya biyo yatsana, baƙi ƙirin kamar na taɓa gindin tukunya.

Na ce, "Angona, kati na ce ka buga mini ko rubutun sha? Wannan ai ko ruwa ba ya buƙata."

Ya ce, "Amarya, hannunki ne da man shafawa."

Ya shafa da nasa, sauran layin ya tafi. Sai ya daina dariya.

Ya sa farar takarda mara kauri, ta fito lafiya, rubutu daram. Ya sake sa kati, ya fito, ya kara shi a kumatu, ya ce da sanyinsa. A nan ya yi mini bayani, wai ita firinta ba ruwan tawada take zubawa ba, gari take barbaɗawa, sannan takardar ta bi ta tsakanin wasu abubuwa biyu masu juyawa kamar ƙananan taɓare, ɗaya da wuta a cikinta, sunanta hita. Zafin ne ke narkar da garin ya manne. In kati ya yi kauri, sai zafin ya ƙi ratsa shi.

Na ce, "To ka iza mata wuta mana."

Ya ce haka zai yi. Ya danna wani wuri a kwamfuta, ya gaya mata takarda mai kauri ce. Firinta ta ja numfashi, janareta a waje ya yi gurnani kamar tsohon rago, ƙwan shago ya dushe, sai wata jar fitila ta kama ƙiftawa. Ta tsaya cak. Ya kashe, ya jira ta huce, ya buɗe bayanta, ya goge ƙura da tsumma, ya mayar. Haka dai. Ya kashe fanka, muka zauna muna gumi. Ta yunƙura, ta sake tsayawa.

Ni kuwa na shimfiɗa wani tsohon zanena ina tara katunan da suka lalace, ina kakkaɓe garin a ciki. Sunan Allah ne a jiki, ba za a taka shi a gidana ba. Mai a-daidaita ya leƙo ya ce, "Hajiya, rana fa na yi." Na ce ranar ma ta san inda za ni.

Angona ya fita, ya bi wayar janareta da ido, ya dawo ya zauna yana sosa gemu. Na ce mene ne. Ya yi ƙasa da murya ya ce wutar ce ba ta isa, hita na son ci da yawa, kuma akwai wani abu a cikin gida da ke shan rabi.

Firij ɗin uwarsa ne. Ta cika shi da zoɓo da kunun aya na sayarwa. Shi kuma ɗan fari, tun da aka haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, magana ma sai ta juya fuska ta ce "a gaya wa wancan". Ƙato da gemu, ya iya kwance cikin inji, amma ƙafarsa ta kasa tsallaka tsakar gida.

Na ce, "Wannan ne mijin da aka ba ni? Riƙe mini zanen nan."

Na shiga na tarar da surukata tana tankaɗe. Ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce, "'Yar nan, zoɓonki zai ɗan ji ɗumi yau." Ta ce, "Inna, ƙanƙarar fa za ta narke." Na ce in ta narke a kawo mini ni zan sha. Ta rufe baki tana dariya, ta zare wayar firij ɗin, ta ce wa bango, "A gaya wa wancan ya yi sauri."

Kafin in dawo zaure firinta ta kama aiki. A hankali take fitar da su, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da zafinsa kamar waina daga tanda. Na murza na farko da babban yatsa, na sa farce, rubutu bai motsa ba. Angona ya ce, "Amarya, yanzu fa?" Na ce na fasa yaji.

Mun isa Ajingi kasuwa ta fara watsewa. Na tarar da ƙanwar maigidana a rumfar masu daddawa, dangi kewaye da ita. Na miƙa mata kati da hannu biyu. Ta karɓa, ta juya shi, ta riƙe shi kai a ƙasa, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Lalle ya yi kyau. To me ya ce?"

Ni da ita duk ɗaya muke a wajen karatu, amma ban nuna ba. Na gyara tsayuwa na karanta mata da ka: na ambaci yayanta da alheri, na jero kakanninsu malamai, na ce gidan ɗan'uwansu na kiransu su zo su ga jininsu ta sauke. Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce duk wannan a ɗan katin nan? Na ce injin zamani ne.

Ranar walima a mota biyu suka zo, har da waɗanda ban ba kati ba.