Awa ɗaya da rabi da ta kusa cinye min ido

Jama'a, wata uku ba ku ji ni ba. Ba tafiyar kasuwa na yi ba, jinya na yi.

Ina lodin albasa a Garwa na fara ganin baƙin abu kamar ƙudaje a idon dama. Na ce gajiya ce. Kwana huɗu, sai wani duhu ya sauko daga gefe kamar labule.

Likita ya ɗiga magani, ya haska, sannan ya ce:

"Alhaji, fatar cikin idon ce ta ɓalle. Sai Yawunde, kuma ba mako mai zuwa ba."

Kun san ni. Da turin kura na fara a Mayo-Oulo, kuma tun da Allah ya buɗa min na rantse na bar wahalar hanya. Garwa zuwa Yawunde a jirgin sama awa ɗaya da rabi ce. Na yanki tikiti zuwa da dawowa, ni da maiɗakina Hajiya Dudu.

Gwajin jini, gwajin sukari, sai ɗakin tiyata. Kuɗin ya ci ƙaramar motata. Suka hura min iska a cikin idon don ta danne wurin, aka ce in kwanta rub-da-ciki kwana bakwai. Ni da nake ba mutum talatin umarni, ga ni ina kallon tayil.

Ranar sallama likitar da ta yi min aikin ta ɗaura min wani koren abin hannu na gargaɗi.

"Ba jirgin sama sai iskar ta baje. In kun yi sama za ta kumbura, idon ya mutu."

Na ce, "Madam, awa ɗaya da rabi fa."

"Minti goma sun isa."

Wallahi ban ji ba. Albasata na ruɓewa, tikiti na aljihu. Na yanke abin hannun na jefar. Safiyar tafiya na laluba, babu katin shaidata.

Hajiya ta ce, "Yana wurina. In ka makance, Alhaji, ni zan ja maka sanda, ba albasa ba. Zauna."

Kwana biyu ban yi mata magana ba.

Mako shida muka ƙara. Kullum da safe in rufe idon hagu in gwada na dama. Iskar na raguwa kaɗan-kaɗan, haske na shigowa ta sama.

Da aka ce zan iya hawa jirgin sama, ni da kaina na ce a'a. Jirgin ƙasa zuwa Ngawundere, mota zuwa gida, kusan kwana da yini.

Na gode wa Allah, na gode wa likitoci. Hajiya, useko, wato na gode.

In ka ga ƙudaje ko labule a idonka, je asibiti ranar. Kafin ka yanki tikitin dawowa, tambayi likita.

Ranar dawowa, a kan gadar Binuwai da za mu shiga Garwa, na rufe idon hagu. Na ga ruwa, na ga masu wanki, har jan bokitin wata mata na gani.