Baba Mai-jita da Tabon da Ya Ƙi Gogewa

Ƙarfe bakwai da rabi yake buɗe shago, ko da ruwa ake yi. Shagon ƙarami ne, a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin tela da mai gyaran agogo. In mutum biyu suka shiga, na uku sai dai ya tsaya a bakin ƙofa. Da ya shiga zai ɗora gwangwanin gam a kan ɗan risho don ya narke a hankali, ya sa rigar aikinsa, sannan ya bi jitocin da ke rataye a bango ɗaya bayan ɗaya. Kowacce zai taɓa mata tsirkiya guda, ya karkata kai ya saurara. Tela ya ce wannan shi ne zagayen duba marasa lafiya. Wadda muryarta ba ta yi masa ba, ita zai sauko da ita ya kwantar a kan tsohon bargon da ke bisa benci, ita ce aikin ranar.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan yana wannan. Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Ido ya yi rauni, hannun dama ya fara rawa, 'ya'yansa sun ce ya isa haka. Babu wanda zai shirya masa taro, da yawanmu ko sunansa na yanka ba mu sani ba, Baba Mai-jita kawai muke cewa. Ni ba makaɗiya ba ce, uwa ce mai 'ya ɗaya da aikin gabanta. Amma mutumin nan ya hana ni yin ɓarna har sau biyu, kuma ina so a sani kafin ya sauke ƙofar shagon.

A 'yan shekarun nan wani yayi ya shigo. Samari ba sa son a gan su da sabuwar jita mai ƙyalli, wai tana nuna jiya suka fara. Sai su saya sabuwa fil, su kai ta a tsufar musu da ita. A layin baya akwai shagon da ya ƙware a haka: a goge fenti da samfefa, a bubbuga jikin da tarin makullai, a tsattsaga da reza, a shafa ruwan shayi don farin ya koma ja-ja. Kwana biyu sai ta fito kamar ta sha yawon duniya. Baba ba ya zaginsu. Yakan ce shi ma aiki ne, kuma yaran suna da hannu. Abin da kawai yake ba shi dariya shi ne inda suke sa tabon. Ya ce suna gogewa daidai wa daida, hagu da dama, har da wuraren da hannu ba ya kaiwa, alhali babu ɗan Adam da yake cinye abu daidai wa daida. Kowa da gefen da yake jingina.

Tela ne ya ba ni labarin wani saurayi da ya kawo masa irin wannan aiki. Baba ya juya jitar, ya yaba katakon, ya ce ai ya san hanyar da za ta tsufa tsaf, babu mai gane bambanci. Saurayi ya washe baki ya tambayi kwana nawa za ta ɗauka.

"Shekara ashirin, in kana da ƙwazo. Kullum ka kaɗa ta awa guda."

Saurayin ya ɗauki jitarsa ya wuce layin baya. Bayan wata uku ya dawo kansa a ƙasa, domin danshi ya shiga inda aka kankare fentin, katako ya kumbura, gam ya saki. Tela ya ce shi har ya gyara zama don ya ji irin gorin da za a yi. Baba bai yi masa gorin ba. Ya karɓa ya gyara, ya toshe inda ruwa ke shiga, ya kuma nuna wa yaron yadda ake riƙe wuyan jita ba tare da an shaƙe ta ba. Yaron har yau yana zuwa gaishe shi.

Nawa labarin ya fara ne daga saman kabad. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban motar kaya ne, ba makaɗi ba. Amma yana da wata tsohuwar jita, in ya dawo daga tafiya ya yi wanka, sai ya zauna a bakin ƙofa da yamma yana kaɗawa, mu muna wasa a gabansa. Ya rasu kafin in yi aure. Ƙannena ba su damu da ita ba, sai ta faɗo hannuna, na ɗora ta saman kabad na manta. Duk abin da ya bari an raba ko ya ƙare, ita kaɗai ta rage wadda hannunsa ya daɗe a kai.

'Yata tana da shekara bakwai ta hango ta. Ta ja kujera ta hau, kafin in shigo har ta sauko da ita, tana zaune tana tsotsar yatsa. Gefen jitar ya tsage, sartse ya shige ta. Da na cire sartsen da allura na dubi abin da kyau: fenti duk ya ɓaɓɓako, tsirkiyoyi sun yi tsatsa, wani wuri ma katakon tsirara yake, ya yi baƙi. Ni kuwa dokata ɗaya ce a gida, abin da ya soki yarinyata ko a gyara shi ko ya bar gidan. Washegari na naɗe ta a zani na kai wa Baba. Na ce a kankare ta gaba ɗaya, a yi mata sabon fenti, ta yi sumul yadda yarinya za ta taɓa ba fargaba.

Ya ɗauki tsumma ya share ƙurar, ya daɗe yana dubawa, ya tambaye ni ta waye. Da na faɗa masa sai ya fara ba ni labarin mahaifina, mutumin da bai taɓa gani ba. Ya nuna wurin nan da ya yi baƙi ya ce nan damtsensa ke kwanciya, gumi ne ya ci fentin, ke nan yana naɗe hannun riga in zai kaɗa. Ya juya bayanta ya ce babu ƙarcen ƙarfen bel ɗin wando, ke nan a zaune yake kaɗawa, ba a tsaye ba, kuma yana jingina da bango, ga inda kan jitar ke gogar siminti. Ya bi wuyanta da babban yatsa ya ce wuri uku ko huɗu kawai yatsunsa suka sani, amma sun zauna a kansu sau dubbai, har katakon ya lotsa. Ya ce yana sa zobe a hannun hagu. Duk haka ne. Waƙa uku mahaifina ya iya a duniya, su yake ta maimaitawa har mahaifiyata ta ce za ta ɓoye jitar.

Sannan ya ce in miƙo yatsana. Ya ɗora shi a gefen jitar ta ƙasa, ya ce in shafa a hankali. Na ji wasu 'yan ramuka ƙanana a jere.

"Wannan kuma ba aikinsa ba ne, 'yata. Haƙoran jariri ne, biyu sama biyu ƙasa. Wani yana zaune a cinyarsa yana kaɗawa."

A nan bakin shagon na kira mahaifiyata a waya. Ta yi dariya har tana tari, ta ce ashe ban san dalilin da ya sa yake ce mini Ɓera ba har na girma. Ta ce lokacin da nake haƙori babu abin da ke sa ni shiru sai a ɗora ni cinyarsa in kama gefen jitar da baki, wai rawar katakon ce ke sosa mini dasashi. Ƙannena bai taɓa bari sun taɓa ta ba. Na kashe wayar, tela ya miƙo mini kujera.

Baba ya ce in har sabon fenti nake so, layin baya za su yi mini a kwana biyu, shi dai hannunsa ba zai iya ba. Amma ya yi alkawari babu abin da zai ƙara sukar yarinya. Mako uku ya yi a kanta. Ya zura ɗan madubi ciki ya liƙe tsagar daga ciki, ya goge bakin sartsen kaɗai, ya shafa wani mai siriri da ya kama fentin da ke ɓaɓɓakowa ba tare da ya rufe komai ba. Ya sa tsirkiyoyi masu laushi, ya kwantar da su ƙasa-ƙasa saboda yatsun yaro. Da na zo karɓa, mahaifina yana nan a jikinta yadda yake, ni ma ina nan.

Ɓarna ta biyu ta fi ta farko ban kunya. Tunda na san abin da ke jikin jitar nan, sai tsoro ya kama ni. Na naɗe ta a bargo na kulle a kabad, na sayo wa yarinya ta roba mai launin ruwan hoda. Ta roƙe ni in ba ta ta kakanta sau biyu, sau uku, na ce sai ta girma. Daga nan ba ta yi kuka ba, ta daina tambaya kawai. Ta robar ma ta koma ƙarƙashin gado. Ni kuma na ɗauka an huta.

Bayan wata biyar ni da yarinya muna wucewa ta ƙofar shagon za mu kasuwa, Baba ya kira mu. Ya ce abin yana ba shi mamaki, yarinya mai koyo a ce wata biyar ba ta tsinka tsirkiya ko ɗaya ba. Ina ta kame-kame, sai ita ta ce, ba ko kallona, Mama ta kulle ta. Na ce Baba ka duba, shekararta bakwai, makon nan kaɗai kofi biyu ta fasa, in ta fasa wannan ina zan samo wata. Ya ce tabbas za ta ji mata ciwo, wannan babu makawa. Tsaga a kawo masa ya liƙe, tabo kuma a bar shi. Sannan ya cire tabarau ya dube ni.

"Da mahaifinki ya kulle ta saboda ke, ranar nan me zan nuna miki?"

Da muka koma gida na buɗe kabad. Na kafa dokokina, domin hali ba ya barin mutum: a wanke hannu, a zauna a ƙasa, ba ruwa ba abinci kusa. Baba ya riƙa nuna mata inda za ta sa yatsu duk ranar Asabar, babanta kuma ya koyi canza tsirkiya a wurinsa don ranar da shagon ba ya nan.

Makon jiya ta karya dokar zama. Ta miƙe da gudu za ta nuna wa babanta abin da ta koya, jitar ta bugi kusurwar tebur. Fenti ya ɓalle kamar girman farce, katako ya lotsa. Ta tsaya cak, ido ya cika da hawaye, tana jiran abin da zan ce. Allah ne kaɗai ya san yadda na haɗiye maganar da ta zo mini baki. Na ce ta ɗauko takalminta mu je wurin Baba.

Mun same shi yana jera kayan aikinsa a kwali, bango duk ya zama wayam. Ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ƙwanƙwasa kewayen tabon da yatsa yana saurare, ya ce katako lafiya lau, babu tsaga. Ya tambaye ta me take kaɗawa lokacin da abin ya faru. Ta ce ba ta kai ga kaɗawa ba. Ya ce to ta kaɗa yanzu. Ta zauna a kan kwali ta kaɗa, da kuskure biyu, tela ya tsayar da keken ɗinki, mai agogo ya leƙo. Na tambaye shi ko zai ɗan toshe wurin.

"Wannan nata ne, ba na taɓawa." Ya juya wurinta. "Ke kuma, amaryata, ki riƙa kula. Amma kar ki daina."

Baba, likitan katako, kai ne ka san abin da ake gyarawa da abin da ake bari, kuma na ga masu sana'a da yawa ba su san na biyun ba. Kai ne ka ƙi karɓar aiki mai sauƙi sau biyu, sau ɗaya ka ƙi ƙera tsufan ƙarya, sau ɗaya ka ƙi goge na gaskiya. Ka mayar mini da mahaifina ta bakin da ban zata ba, sannan ka ƙwace shi daga hannuna ka miƙa wa jikarsa, lokacin da ni uwarta na kasa. Na gode, mahaifiyata ta ce in isar maka da godiyarta, yarinya kuma ta ce in gaya maka ta gyara kuskure ɗaya cikin biyun. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya ƙara wa idon nan haske.

Ku masu sana'a, kafinta ne ko tela ko mai gyaran takalmi, in an kawo muku tsohon abu, ku tambayi na waye kafin ku ɗauki samfefa. Mu kuma iyaye, mu duba abin da muka kulle wai sai yara sun girma. Ina rubuta wannan a kicin, ita tana falo da jitar kakanta. Yanzun nan na ji wani abu ya bugu, kiɗan ya tsaya, sannan ya ci gaba. Ban tashi ba.