Tattabara a Kan Cibiya

A ƙauyen su Shahata, can cikin gonakin shinkafar da ke arewacin Mansura, namiji ba ya sanin abin da ke cikin jininsa sai ranar da ya nemi fita waje aiki. Kafin nan lafiyarsa lau, yana cin wakensa da safe, yana shan baƙin shayinsa, yana zagin farashin taki. Ranar da ya miƙa hannu aka ɗebi jini don biza, ranar ake gaya masa hantarsa ta daɗe da kamuwa. Sai ya dawo gida ba biza, ba kuɗin da ya zuba, ga kuma ciwon da jiya bai san da shi ba. A lokacin ba a kawo sabon maganin ciwon hantar ba, don haka mutanen garin sun fi tsoron asibitin gwajin matafiya a kan ofishin 'yan sanda.

Kowa ya san inda abin ya samo asali. Suna yara duk sun yi wanka a magudanar ruwan gona, duk sun yi fitsarin jini, aka zo makaranta aka jera su, maza layi guda mata layi guda, ana yi musu allurar tsargiya. Sirinjin gilashi ne, a tsoma shi a ruwan zafi a fito da shi, wani lokaci ma ba a tsoma ba saboda tsawon layi. Tsargiya ta tafi, abin da ya shigo a madadinta kuma bai nuna kansa ba sai da suka zama magidanta. Shahata ya tsaya a wannan layin. Amininsa Mitwalli ne a gabansa, kuma Mitwallin ne aka binne bara, ciki a kumbure, idanu sun koma ruwan ɗorawa.

Shahata bai yi nisa a makaranta ba. Mahaifinsa ya kai shi Mansura wajen wani mai walda, ya fara da riƙe ƙarfe da shan mari, ya ƙare yana haɗa bututun mai a Suwez, inda ake haska kowane ɗinki da na'ura kafin a yarda da shi. Nasa ba a taɓa sa shi ya sake ba, kuma bai taɓa barin kowa ya manta da hakan ba. Tun bai kai talatin ba ake ce masa Usta, wato babban gwani. Da aikin Suwez ya ƙare ya dawo ƙauye ya buɗe 'yar rumfa, yana ɗinka ƙofofi da tagogi da ƙafar injin ban ruwa, abin da yake ce wa aikin yara. Ga 'yarsa ta fari an sa mata rana, kayan ɗakin amarya a garin nan kuwa sai ya karya bayan uba. Da ya ji wani kamfani a Kuwait yana neman masu waldar bututu, bai yi shawara da kowa ba sai matarsa Awaɗif.

Wanda bai taɓa bin wannan hanyar ba zai ɗauka fasfo ake yi a hau jirgi. Ina! Da farko sai da aka canza masa sana'a a katin ɗan ƙasa, domin manomi aka rubuta masa tun yana saurayi, manomi kuwa ba ya samun bizar mai walda. Sai takardar sallamar soja, sai ta 'yan sanda mai cewa bai taɓa laifi ba, wadda take mutuwa kafin sauran su fito, a sake wata. Sai gwajin sana'a a Alƙahira, inda suka ba shi bututu a karkace ya ɗinke shi yana durƙushe, wani Ba'indiye yana tsaye a kansa. Sai hatimi a kan hatimi, kowane a ofishinsa daban, kowane da layinsa da na shayin mai gadi. Awarwaron auren Awaɗif ne suka fara tafiya. Daga baya jamusarsu, baunar gida mai ba da madara, ta bi, ranar da aka ja ta Awaɗif ta shige ɗaki don kada ta gani.

Mafi tsoka shi ne rabon ɗan kwangilar da ya samo aikin, wani Ustaz Midhat mai ofishi a saman kantin takalma, wanda ba ya magana sai yana juya mukullin mota a yatsa.

"Usta, kai fa an gama da kai," in ji shi. "Saura gwajin jini kawai. Ai kana lafiya ko?"

"Lafiyata lau. Ƙarfe nake ɗagawa."

"Duk haka kuke cewa, ku mutanen shinkafa. Ni dai na gaya maka tun yanzu, in takarda ta fito da jan tambari, abin da ya shiga aljihun Midhat ba ya sanin hanyar fita. Kada ka zo min da kawunka da dagaci."

Shahata ya yi dariya don Ustaz ya yi. Sannan ya sauko daga benen. Abin da ya fi ba ni haushi a tsarin nan ke nan: gwajin da ya kamata a fara da shi, shi ake ajiyewa ƙarshe, sai mutum ya sayar da komai.

Daga ranar tsoro ya tare a gidansa. Kullum da safe sai ya ja fatar idonsa a gaban madubin aski yana neman rawaya. In ya ci abinci cikinsa ya ɗan tashi, sai ya danna gefen dama ya saurara. Ya daina bin hanyar gidan Mitwalli. Ya shiga shan ruwan rake kofi bayan kofi, domin an ce yana wanke hanta. Ba asarar jamusa ce take hana shi sukuni ba, ko da yake ita ma tana ciki. Tsoronsa shi ne wani yaro mai farar riga ya dube shi ya faɗa masa irin mutuwar da zai yi.

A teburin mai shayi aka ba shi labarin Baba Bayumi, wani tsoho mai kiwon tattabaru a ƙauyen gaba. Yadda ake yi shi ne, mutum ya kwanta rigingine, a kama ɗan shila a manna gindinsa a kan cibiya a riƙe. In akwai ciwon, tsuntsun zai zuƙe shi ya mutu. A yi ta sawa har a samu wanda ya rayu, shi ke nan jini ya wanku. Shahata mutum ne da ba ya yarda da ɗinkin da na'ura ba ta haska ba, amma washegari da hantsi yana kwance a tabarmar Baba Bayumi, riga a naɗe har ƙirji.

Tsuntsun farko yana da ɗumi, zuciyarsa tana bugawa a kan fatar cikin Shahata. Ya ɗan yi fuka-fuki, ya buɗe baki, sai wuya ya langaɓe.

"La ilaha illallahu," in ji tsohon. "Ɗana, kai kam a cike kake."

Na biyu ma haka, na uku ma haka. Shahata yana kallon rufin ɗaki, gumi yana gangara masa cikin kunne, tsohon yana jefa gawarwakin a kwando ɗaya bayan ɗaya. Bai lura da irin matsar da yatsun nan suke yi wa ƙirjin tsuntsu ba, wanda tsoro ya danne ba ya lura da komai. Sai da kuɗin aljihunsa suka kusa ƙarewa aka samu wani farin da ya miƙe ya girgiza jiki. Baba Bayumi ya ce a gode wa Allah, amma zai fi kyau a dawo sati mai zuwa a tabbatar.

Ya iso gida bayan la'asar, Awaɗif tana saman soro tana shanyar tufafi. Kallo ɗaya ta yi masa, ta kira shi da sunan ɗansu Ramzi kamar yadda ta saba.

"Abu Ramzi, wa ya mutu?"

Ya faɗa mata komai. Ta saki rigar da ke hannunta ta riƙe ƙugu.

"Kai? Usta guda? Ka kwanta tsohon banza yana kashe maka tsuntsaye a ciki? Da ka kawo min su da rai ai da na cusa musu shinkafa mun ci. Yanzu ga mushe, ga asara."

"Ki daina wasa, Ummu Ramzi. Da idona na gani. Suna taɓa ni suke mutuwa."

"In aka matse ka haka kai ma mutuwa za ka yi. Tsaya ka gani."

Suna da 'yan tattabaru a akurki nan soron. Kafin ya hana ta, ta zura hannu ta kamo ɗaya, ta zauna a kan buhu ta juya wa gari baya, ta ɗaga gefen rigarta ta manna shi a cibiyarta, ta riƙe gam kamar yadda ya kwatanta. Tana murmushi, tana jiran ta nuna masa wautarsa. Tsuntsun ya yi motsi, ya buɗe baki, ya langaɓe a hannunta.

"Ka gani?" ta ce. "Ni ma ya mutu. Ƙarya ce ke nan."

Amma muryarta ba ta fito yadda ta so ba. Shi kuwa Shahata ba ƙaryar Baba Bayumi ya gani ba. Ya tuna cewa ranar allurar nan akwai layin mata, kuma Awaɗif 'yar garin ce. Ya tuna yadda take zama ta huta a tsakiyar matakala kwanan nan, ta ce nauyin kwando ne. Suka dubi juna, tsuntsun yana tsakaninsu.

Ranar gwaji ya bi motar haya zuwa Alƙahira da cikinsa wayam. Ɗakin jira cike yake da maza irinsa, birkiloli da direbobi da masu gyaran wuta, kowa rungume da ambulan. Wani Basa'ide, mutumin kudancin ƙasar, yana ta ba da dariya, yana cewa shi in an ɗebi jininsa shayi za a samu, amma da aka kira sunansa sai da ya riƙe bango. Aka haska ƙirjin Shahata, aka ɗebi jini, aka ce ya dawo bayan kwanaki. Kwanakin nan bai kunna injin walda ba.

Da ya koma, wata ma'aikaciya ta turo masa takardar ta taga ba ta ko ɗago kai ba. Ya kasa dubawa. Ya miƙa wa na bayansa.

"Ɗan'uwa, don Allah karanta min, na manta tabarau."

"Lafiyayye. Mabruk, Usta. Ka yi mana addu'a mu ma."

Ya fita ya zauna a bakin titi ya yi kuka kamar yaro, motoci suna ta yi masa ham. Ya sayi basbusa, wani irin kek mai zaƙi, tire guda, ya kama hanyar gida. Farin cikin bai kai shi Mansura ba. In tattabarun ƙarya ne, to shi dama ba shi da komai, mutuwar tsuntsun Awaɗif ma ba komai ba ce. In kuwa gaskiya ne, to shi an zuƙe masa nasa tas, ita kuma guda ɗaya aka sa mata, ya mutu. Ko ma ƙarya ne, layin makarantar nan dai ba ƙarya ba ne. Shi an duba shi domin zai tafi yi wa wasu aiki. Ita babu wanda zai taɓa duba ta, tunda ba ta zuwa ko'ina.

Gida ya cika da guɗa, maƙwabta suka cinye basbusar, Ustaz Midhat ya bugo waya ya ce jirgi ranar Laraba. Awaɗif ta shiga haɗa masa kaya: cuku mai gishiri a gwangwani, busasshiyar molohiya wato lalo, shayin da ya saba sha. Ya same ta ita kaɗai a ɗaki da rana tana ɗaure bakin jaka, ya rufe ƙofa.

"Ummu Ramzi, gobe mu je Mansura a duba jininki. Akwai wurin da ake yi, ba tsada."

"Da wane kuɗin? Ko kujerun gidan nan za mu sayar?"

"Zan samo. Ba zan iya hawa jirgi ban sani ba."

"Kai da ka ce tsuntsaye ba sa ƙarya, yanzu kuma likita kake so?"

"Ki bar zolaya. Tsoro nake ji, wallahi tsoro nake ji."

Ta ja igiyar jakar ta ƙulle, sannan ta zauna a bakin gado ta dube shi sosai. Ya sami kansa yana leƙen farin idonta, ta gane abin da yake nema, ba ta kawar da kai ba.

"To, Abu Ramzi, in tambaye ka. A ce mun je, an ce ina da shi. Za ka fasa tafiyar?"

Ya buɗe baki. Ya tuna jamusa, da awarwaro, da 'yarsa da aka sa wa rana, da cewa ko maganin ma in akwai shi sai da kuɗin Kuwait za a saya. Yana so ya ce zai fasa, kalmar ta ƙi fitowa.

"Ka ji ko," in ji Awaɗif a hankali. "To ni ma ba na so in sani alhali kana can. Ɗaga jakar nan ka ji ko ta yi nauyi da yawa."