Mai Aski da Kiɗan Rami Na Uku

Faɗan farko da na yi da surukina mai aski a kan kiɗa muka yi shi, tun bai zama surukin ba. Ranar ya zo wajen 'yar ƙanena, wadda na riƙe tun tana goye. Ya sha guga, ya shafe kai da mai, ya rungumo wani ɗan fiyano mai batir a hammata kamar wanda aka bai wa riƙon jaririn mutane. Suka zauna a baranda, ni ina daga ciki ina tsintar shinkafa. Sai na ji ya yi gyaran murya, ya ce mata sati uku ke nan yana fama yana ƙaga mata wani kiɗa, nata ne ita kaɗai, ba a taɓa jin sa ba a duniya. Ya fara dannawa da yatsa biyu.

Bai kai rabi ba na ajiye tire. Kiɗan nan na fi shi saninsa. Shekara shida na yi ina kasa zare da allura da sabulu a jikin bangon wani shagon gem, inda samari ke cika gaban talabijin biyu suna danne-danne kamar masu kashe ƙuma. Wasan da suka fi so na wani ɗan mutum ne mai riƙe da fitila, yana gudu a kan karyayyar gada, kiɗa na bin sa. In ya faɗa rami sai kiɗan ya tsinke ya gangaro ƙasa, tiriri-rim, kamar an saki kwano a kan matakala. Shi kuwa wannan saurayi duk layin an san shi, bai taɓa wuce rami na uku ba. Nan yake faɗawa safe, nan yake faɗawa yamma. Har kunnensa ya saba, ya ɗauki kiɗan faɗuwar a matsayin ƙarshen waƙar, tunda bai taɓa jin abin da ke gaba ba. Haka ya kwaso shi duka ya kawo wa yarinyata, har da gangarowar.

Na aike ta ciki ta kawo wa baƙo ruwa, na fito na tsaya a kansa. Na tambaye shi ko ya gane ni. Ya ce a'a. Na ce to ni na gane shi, shi ne wanda ya taɓa fitowa a fusace ya yi fatali da teburina, na yini ina tsintar allura a ƙasa. Da fari ya so ya yi gardama. Ya ce ai duk kiɗa dangin juna ne, kunnen tsufa ne ke haɗa mini su. A lokacin ko furfura goma ba ni da su, sai maganar ta ƙara tunzura ni. Na rera masa tiriri-rim ɗin a hankali. Nan take gugar jikinsa ta saki.

"Ka faɗa mata ko in faɗa mata," na ce.

Kafin ya amsa sai ga ta da kofi, idonta ya cika da ruwa fiye da kofin. Ta ce, "Gwaggo, kin ji ƙarshen? Inda ya gangaro ɗin nan, kamar zuciyar mutum ce ta narke." Na dubi fuskarta, na dubi tasa. Na ce na ji, na koma kan shinkafata.

Aka yi aure. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma in za a faɗi gaskiya ban yi asarar suruki ba. Shagonsa ƙarami ne, kujera biyu, madubi ɗaya da ya tsage ta gefe, benci na masu jira, da igiyar da yake shanya tawul. Yakan buɗe kafin masu shaguna su gama shara. Kilifar aski uku gare shi, kowace da ranar da ake sa mata mai, yana shafa su kamar dawaki. Ba ya yi wa mutum aski sai ya zagaya kansa sau biyu yana kallo, wai kai ma yana da hanya. Kuma mutum ne mai gaskiya har ta yi yawa. In sanƙo ya kama ka zai gaya maka a gaban jama'a, ya ce kada ka ɓata lokacinka da magani. In ya zame ya ci maka gefe zai nuna maka a madubi tun ba ka gani ba. Ƙarya ɗaya tak ya taɓa yi a rayuwarsa, ita ce kuma ta haifa masa 'ya'ya huɗu.

Matar ta ɗauki kiɗan nan ta yi masa gida. Da shi ta yi renon yaran duka. Tana kan keken ɗinkinta tana rera shi, masu kawo ɗinki suka ɗauka suka kai gidajensu. Duk baƙuwar da ta zauna minti goma sai ta ji labarin sati ukun da maigida ya yi yana ƙagawa. Ɗan fiyanon, da ya daɗe da mutuwa, ta naɗe shi a zane ta ajiye saman kabad. Wasu matan ma har gori suke yi wa mazansu da shi, su ce mai aski ma ya iya.

Shi kuwa duk lokacin da aka fara labarin sai ya tuna bai shanya tawul ba. Bai sake taɓa gem ba. Da yaransa suka taso suna roƙon a saya musu, ya kafa doka ya ce gem ba zai shiga gidansa ba, yana lalata karatu, yana kashe ido. Maƙwabta suka riƙa yaba tarbiyyarsa. Ni kaɗai na san abin da yake karewa. Ban kuma bar sanin ya tafi a banza ba. In na je gidan na ga yana hura hanci, ko ya ce ba zai kai ta ganin dangi ba, ba na cewa komai. Sai in kama ninke zanena ina ɗan tiriri-rim a maƙoshi. Kafin in kai rim ya canza shawara. Yarinyata takan ce Gwaggo na son waƙar nan. In ce ƙwarai kuwa.

Ya yi zaton abin zai tsufa ya mutu tare da shagon gem ɗin, wanda tuni aka mai da shi kantin magani. Sai duniya ta juyo masa ta inda bai zata ba. Samarin da suka yi danne-danne tare da shi suka zama iyaye, suka fara kewar ƙuruciya. Wayar mutum ta yi ƙara a kan benci sai ka ji kiɗan wani tsohon wasa. Matasa su zo su nuna masa hoton wani jarumin gem mai gashi kamar an watsa wa kaza ruwan zafi, su ce irin wannan suke so. Yana yi musu, yana tsaki. Mawaƙan rediyo ma suka shiga tono tsofaffin kiɗan nan suna ɗora ganga a kai, ana rawa da su a wuraren taro. Mai aski ya cire rediyon shagonsa ya ce yana hana shi nutsuwa. Amma ba zai iya cire rediyon gari duka ba.

A motar haya yarinyata ta ji shi, tana dawowa daga sayen yadi. Wani sabon mawaƙi ya ɗauki farkon kiɗan yana maimaitawa, yana ihu a kai. Aka ce miƙewa ta yi har kanta ya bugi rufin mota, ta shaida wa fasinjoji cewa wannan kiɗan mijinta ne, sata aka yi. Wani ɗan makaranta ya buɗe baki zai yi magana, ta ce ya rufa mata shi, ba a haife shi ba lokacin da aka ƙaga. Ta iso gida ta sauko da fiyano daga saman kabad. Ta ce ranar Litinin da safe za ta gidan rediyo, a sa ta a iska ta faɗa wa duniya, in ta kama har lauya za ta nema. Ɓarayin ma, in ji ta, ba su da kunne, sun bar ƙarshen da ya fi daɗi. Fiyano ne hujja, shaida kuma Gwaggo, wadda aka kaɗa shi a gabanta ranar farko.

Lahadi da la'asar sai ga shi a ɗakina, abin da bai saba ba. Ya zauna a bakin ƙofa, ya gaishe ni sau uku, ya tambayi ƙafata. Na ce ƙafa lafiya lau. Ya ce ai ciwon ƙafa yakan tashi ba zato, musamman ranar Litinin. Na ce tawa ba ta san ranaku ba. Ya kama murza hula. Abin da ke cin sa ba dariyar gari ba ce. Gani yake matar da ta yi shekara ashirin da shida tana kallonsa a matsayin wanda ya taɓa yin abu ɗaya na ban mamaki dominta, daga gobe za ta ga mai aski kawai. In kuma ya yi shiru, ita za ta je ta tsaya gaban mutane a yi mata dariyar da ba ta ci ba.

"Shiru na yi maka, ɗan nan, ban yi maka ƙarya ba," na ce. "Gobe in aka tambaye ni, faɗa zan yi."

Litinin na isa gidan da wuri. Na tarar ta shirya, ta yafa mayafi, fiyano na cikin jaka. Shi yana tsaye a tsakiyar falo da waya a hannu. Ashe tun da sassafe ya je wajen mai gyaran waya na kusa da shagonsa, an sa masa tsohon wasan. Bakinsa ya kasa, sai ya ce ta zauna ta ga wani abu. Ya danna. Ɗan mutum mai fitila ya fito ya kama gudu, kiɗanta na bin sa. Ya tsallake rami na ɗaya, ya tsallake na biyu. Hannu bai manta ba, na uku ya faɗa.

Ta daɗe tana kallon wayar. Sannan ta tambaye shi wannan gangarowar fa, mece ce. Ya ce kiɗan faɗuwa ne, in ɗan mutumin ya mutu. Ta juyo ta dube ni. Na ga silin ɗin falon yana buƙatar kallo, na kalle shi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta cire mayafi ta ninke shi gida huɗu.

"To ina sauran?" ta ce.

Ya ce bai taɓa ji ba.

"Ka ce nawa ne. Sai ka je ka kawo mini sauran."

Kwana goma sha ɗaya mai aski ya yi yana faɗawa rami. Tsakanin kai da kai sai ya zauna a kujerar aski, tabarau a kan hanci, harshe a waje, yana danne-danne. Masu jira suka riƙa ba shi shawara, kowa da tasa. 'Ya'yansa da ya hana gem suka riƙa bugo waya suna tambayar ko Baba ya yi karatunsa na yau. A gida kuwa abinci na zuwa a kan lokaci, wanki na fita, amma keken ɗinki na tafiya babu waƙa. Wannan shirun ya fi komai dukansa.

A rana ta goma sha biyu, yana fama da shi a falo da dare, yarinyata ta gaji da jin tiriri-rim ta bango. Ta fito ta karɓe wayar. Yatsun da suka shekara talatin suna zura zare a allura ba rami ne zai tsayar da su ba. A gwaji na huɗu ta tsallake. Da ta ga haka sai ta tsayar da wasan, ta aika aka sayo mata iyafis, igiyar nan da ake cusawa a kunne. Tun ranar ita ke jin sauran kiɗan ita kaɗai. Tana zaune a kan doguwar kujera tana gyaɗa kai, wani lokacin ta yi murmushi, shi yana kewaya falo yana gyara labulen da ba abin da ya same shi. Miya ta ƙone sau biyu, ya cinye abinsa haka nan.

Ni ma na sha nawa. Ta zo har ɗakina ta wanke ni tas, ta ce da ni aka haɗa baki aka bar ta tana yi wa 'ya'yanta reno da kiɗan mutuwa. Na ce ai ga su nan sun rayu. Ta so ta ci gaba da fushi, dariya ta ƙwace mata. Da za ta tafi ta tsaya a ƙofa tana gyara takalmi, ta ce kwana uku ke nan tana cire kunne ɗaya na iyafis ɗin ta ajiye a kan kujera kusa da ita, mutumin nan sai ya zo ya wuce yana gyara labule. Ita kuwa ba za ta kira shi ba.

Shekaranjiya na bi ta shagonsa. Na same shi yana share gashi, ya rame har wuya ya fito. Ya ba ni kujera, ya rage murya kada mai jira ya ji. Ya ce ya yanke shawara, zai kai fiyanon a gyara, ya zauna ya ƙaga mata wani na gaske, nasa na kansa, ko zai ɗauke shi shekara. Na tuna yadda yake danna abin da yatsa biyu, tausayin yarinyata ya kama ni.

"Ka rufa mana asiri, kada ka ƙaga komai," na ce. "Ka rufe shago da wuri ka tafi gida. Ka bar labulen nan ya huta, ka dubi kan kujerar da take zaune. Abin da ka gani a ajiye ka ɗauka ka sa a kunne, ka zauna, ka yi shiru. In ta faɗa rami kuma, kada ka kuskura ka ba ta shawara."