Rabin Ƙwayar Kaka

Duk safiya idan na girgiza robar maganina na ji ƙwayoyin suna kacau-kacau, Kaka nake tunawa, mahaifiyar Baba. Ita ma irinsa take sha. An yi mata aikin maƙoƙo a Kano tun ina goye, likita ya ce ƙwaya ɗaya kullum kafin karin kumallo, har ƙarshen rayuwa. A wani ɗan gwangwani take ajiye su, ƙarƙashin matashinta.

Ina ma kun san ta kafin shekarar farin nan! Tsohuwar ba ta iya zama wuri ɗaya. Ga tsokana, ko wucewa na yi sai ta ce kitsona kamar sheƙar kaza. Amma da rani ya yi nisa sai ta sauya. Ana zafin bazara, ita tana lulluɓe da zane biyu. Tana tsinkar zogale sai gyangyaɗi. Abu kaɗan ta yi fushi, ko ta yi ta hawaye ba wanda ya taɓa ta. Inna ta ce tsufa ne, maƙwabta suka ce yunwa ce. Ni dai kewar tsokanarta nake yi.

Irin geron da ya rage mana ƙwarya ɗaya ne tal. Baba ya hana a taɓa shi, ko ranar da muka wuni da rama zalla. Da hadari ya fara haɗowa, aka shanya shi a tabarma saboda ƙwari, aka bar wa Kaka tsaro, mu muka tafi sharar gona. Da azahar muka dawo muka tarar da awakinmu a kan tabarmar, Kaka tana zaune, sanda a cinya, tana ta barci.

Innalillahi! Abin da muka tsince, har da ƙasa, bai kai rabi ba. Baba ya naɗe tabarmar, ita kuwa ba ta dube shi ba. Dama can ba ta dubansa. Ɗan fari ne, ba ta kiran sunansa, "wancan" take cewa, in da magana kuwa ni take aikowa.

Da la'asar ina share ɗakinta na ture gwangwanin. Ƙwayoyin suka zube, duk a gutsure, rabi-rabi.

Na ce, "Kaka, ɓera ne?"

"Ke dai da surutu. Ni ce ɓeran. Tun azumi nake lallaɓa su kar su ƙare."

"To ki gaya wa Baba mana!"

"Ni? In buɗe baki in roƙi wancan, ga abin da yake fama da shi?"

Na kwashe su a tafin hannu na kai masa. Ya daɗe yana kallonsu. Ranar kasuwa ya ja akuya ɗaya zuwa Ɗambatta ya sayar, daga can ya hau motar Kano. Da ya dawo bai aike ni ba. Da kansa ya shiga ɗakin, ya durƙusa, ya ajiye maganin a gabanta, ya ce, "Iya, don Allah in ya kusa ƙarewa ki faɗa."

Ta kau da kai ta ce da ni, "Ce wa wancan na ji."

Rabin gona muka shuka a daminar nan. Gero ya kai gwiwa, wata safiya Kaka ta kalli kaina ta ce kazar ta kusa yin ƙwai. Wallahi kuka na yi don daɗi.

Yau ni ma ina da ɗan fari, yana aiki a Kano. Zamani ya sauya, sunansa nake kira gatsau a waya. Duk da haka idan maganina ya kusa ƙarewa sai in ji nauyin bakin nan nata ya kama ni, in yi ta juya wayar a hannu. Sai in tuna awaki a kan tabarma, in danna.